Kasko, Oben ko Injin Gugguru: Yadda Ake Gane Suyar Gahawar da Ta Fi

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin Jos ya rubuto cewa an kawo masa ɗanyar gahawa kilo biyu daga Mambilla. Ya soya wata a kasko, wata a oben ɗin gas, ya kuma ari injin gugguru mai hura iska ya gwada. Shi ta kaskon ta fi masa daɗi, abokinsa ya ce ta injin ta fi, suka yi ta gardama. Yana so ya san yadda masu sana'ar ke ɗanɗanawa su ba da maki, ko zai iya yi a gida, da kuma hanyar da ta fi a gaskiya, kafin ya kashe kuɗi ya sayi injin suya.

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya, kuma ina taya ka murnar samun gahawar Mambilla ɗanya, domin ba kowa ke dacewa da ita ba. Kafin mu kai ga batun maki, bari in faɗi abin da nake ganin ya haddasa gardamarku. Kai da abokinka ba kasko da inji kuka gwada ba, gahawa uku kuka gwada waɗanda ba su sha wuta daidai da juna ba. Mai suya a kasko kusan kullum yakan bar ta har ta yi duhu, saboda yana jiran ƙwayoyin da suka makara su kamo 'yan'uwansu. Injin gugguru kuwa cikin minti biyar ya gama, saurin ya firgita mutum ya kashe tun launin bai gama nuna ba. Mai son ɗaci da garɗi sai ya zaɓi ta farko, mai son ɗan tsami da ƙamshin 'ya'yan itace ya zaɓi ta biyu, kowa ya tafi da cewa kayan aikin ne suka yi. Alhali bambancin da zurfin suya ke kawowa ya fi wanda kayan suya ke kawowa nesa ba kusa ba. Muddin ba ka daidaita zurfin suyar ba, duk makin da ka rubuta ba zai gaya maka komai game da kasko ko inji ba.

To sai mu fara da abin da ke faruwa a cikin ƙwayar. Ɗanyar gahawar da ta bushe yadda ya kamata tana ɗauke da ruwa kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na nauyinta. Mintocin farko a kan wuta duk na korar ruwan nan ne, launi ya tashi daga kore-kore ya koma rawaya, warin ɗanyar ciyawa ya cika wurin. Daga wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyos sukarin da ke ciki ya fara haɗuwa da sinadaran furotin. Masana suna kiran wannan haɗuwa da sunan Maillard, Bafaranshen da ya bayyana ta a 1912, kuma ita ce ke ba ɓawon burodi da tsire launi da ƙamshi. Can wajen digiri 196 zuwa 205 tururi da iskar da suka taru a ciki su fasa ƙwayar, ka ji tas, tas, ɗaya-ɗaya, sannan su haɗa baki. Wannan ce fashewar farko, wadda duk mai suya ke kasa kunne yana jira. Kafin ta gahawa ba ta shawuwa, bayan ta kuwa kowane rabin minti yana canza ɗanɗano. In ka ƙyale ta a wuta, wajen digiri 225 zuwa 230 za ka ji fashewa ta biyu mai siririyar ƙara da sauri, mai ya fara tsattsafowa a jikin ƙwayar, hayaƙi ya murtuke. Daga nan ɗanɗanon wuta ya danne na ƙasar da aka noma ta, ta Mambilla da ta Habasha da ta Barazil duk su kusan zama abu ɗaya a baki.

Manyan masu suya suna da na'urar auna launi mai suna Agtron. Kai ba ka buƙatarta, sikeli ya ishe ka, amma ka nemi mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, irin na masu sayar da zinare. Ka auna kafin suya, ka auna bayan ta huce. In ka zuba giram 100 ka kwashe 85, ta rasa kashi 15 ke nan. Suya mai haske takan rasa kashi 12 zuwa 14, matsakaiciya 15 zuwa 16, mai duhu 18 zuwa 20 ko fiye. Don wannan gwaji ina ba ka shawarar ka nufi kashi 14 zuwa 15 a dukkan hanyoyin, kuma duk suyar da ta kauce wa sauran da fiye da kashi ɗaya ka fitar da ita daga gwajin, ka sha abinka. Ka kula kada ƙwaya ta faɗi ƙasa ta ɓata maka lissafi. Sannan ka niƙa kaɗan daga kowacce ka baza a farar takarda da hasken rana, domin launin gari ya fi launin ƙwaya faɗin gaskiya. Ta kasko sau da yawa bayanta baƙi ne cikinta kuwa fari-fari, sai an niƙa asiri ke tonuwa.

Yanzu ga hanyoyin. Abin da ya raba su shi ne yadda zafi ke isa ga ƙwayar: ko ta taɓa ƙarfe mai zafi, ko iska mai zafi ta lulluɓe ta.

Kasko na farkon ne zalla. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka duba, gefe ɗaya shafaffe ne mai tsaga a tsakiya, ɗayan kuma mai doro. Shafaffen gefen shi ke kwanciya a kan ƙarfe, in ya yi 'yan daƙiƙoƙi ba a juya ba sai ya ƙone, doron kuma ko ɗumi sosai bai yi ba. Bayan suya ka zube tafi ɗaya a faifai za ka ga baƙin tabo a shafaffen gefen waɗansu, waɗansu bakinsu ya ƙone, waɗansu kuma har yanzu rawaya-rawaya. Mata masu suyar gyaɗa sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa suke zuba yashi a kasko don zafi ya kewaye kowace ƙwaya. Gahawa dai kada ka sa mata yashi, yakan maƙale a tsagar ya lalata haƙoran injin niƙa. Abin da za ka yi shi ne ka sami kaskon ƙarfe mai kauri wanda ke riƙe zafi, ka ɗumama shi tukuna, ka zuba giram 100 zuwa 150, wuta matsakaiciya, hannunka kuma kada ya tsaya da juyawa ko na daƙiƙa biyar har ka sauke. Ka nufi fashewar farko a minti 9 zuwa 11. Akwai kuma ƙaiƙayi, wato siririyar fatar da ke saɓulewa daga ƙwayar in ta kumbura. A kasko ba ta da wurin zuwa, sai ta kwanta a ƙasa ta ƙone, hayaƙinta ya kama gahawar. Rabin ƙaurin da ake ji a gahawar kasko daga nan yake, saboda haka ka riƙa hure ta ko ka sa wani ya yi maka fifita. Gawayi yana ba da zafi mai ɗorewa in ya ruru ya daina hayaƙi, sai dai ba ka iya rage shi nan take yadda za ka murɗa gas, dabararka kawai ɗaga kaskon. In da hunturu ne, balle irin sanyin Jos, ka kare murhun daga iska, in ba haka ba suyar minti 12 sai ta kai 20.

Oben ba zan daɗe a kansa ba, don ni shi ne ƙarshe a wurina. Ƙwayoyin suna kwance ba motsi, iskar ciki ba ta zagayawa, bayan tire ya fi gabansa zafi. Ka buɗe ƙofa don ka juya, zafi ya tsere, suyar ta yi ta ja har kusan minti 20. Gahawar da ta daɗe haka a zafi maras ƙarfi takan fito da kyan launi, amma a baki lami, ba tsami ba zaƙi. Ga shi ba ka jin fashewar da kyau ta bayan ƙofa. In shi kaɗai gare ka, ka ɗumama shi ya kai digiri 240 zuwa 250, ka sa tire mai huji-huji, ka shimfiɗa ƙwayoyin kada wata ta hau wata.

Injin gugguru kishiyar kasko ne. Iska mai zafi ke ɗaga ƙwayoyin tana juya su, ba wadda ke kwanciya a ƙarfe, ƙaiƙayin ma iska ta yi waje da shi. Shi ya sa launin ke fitowa bai ɗaya, kofin kuma tsaf ba ƙauri, ƙamshin fure da tsamin lemo in akwai su a gahawar sai su bayyana fili. Na fahimci abin da ya burge abokinka. Aibinsa sauri. Minti huɗu zuwa shida ya gama, zafi bai samu ya ratsa tsakiyar ƙwayar ba. Ka fasa ƙwaya biyu da wuƙa ka duba, in tsakiyar ta fi gefen haske sosai, a kofi za ka ji gafi da tsami mai kaifi, ruwan kuma shara-shara ba nauyi. Ba ya ɗaukar fiye da giram 70 zuwa 100, in ka cika shi ƙwayoyin ba za su motsa ba, na ƙasa su ƙone. Ka duba cikinsa, wanda iskar ke shigowa ta tsagogin gefe shi ya dace, mai raga a ƙasa ƙaiƙayi na iya faɗawa kan wayar zafi ya kama da wuta. Sannan akwai abin da ya shafe mu musamman: zafin injin nan ya dogara kacokan da ƙarfin wutar lantarki. Ranar da wuta ta zo da rauni zai yi ta hurawa ba fashewa, a janareta kuma wani lokacin daban zai ba ka. Don haka ka rubuta wace wuta ka yi amfani da ita a kowace suya. In daga Amurka aka kawo shi, na bolt 120 ne, tamu kuwa 230, kada ka jona kai tsaye.

Akwai ta huɗu da ba ka gwada ba, kuma ita ce mafi yawan kamfanonin suya ke bi, wato ganga mai juyawa a kan wuta. Ita ta haɗa biyun, ƙwayar ta taɓa ƙarfe kaɗan, ta faɗo cikin iska mai zafi, ta sake taɓawa, cikin minti 10 zuwa 13. Ƙananan injinan gida irin su Behmor da Gene Café da Aillio Bullet duk ganga ce a cikinsu, su Fresh Roast kuwa na iska ne mai maɓallin rage zafi da fanka. Mai walda na iya ƙera maka ƙaramar ganga ta hannu da za ka ɗora a kan gas. Ka ce ya yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, ba fenti, ba kwanon rufi mai shafen tutiya, domin wannan shafen yana fid da hayaƙi mai cutarwa in ya ji wuta. Ya sa 'yan fukafukai a ciki masu kwaso ƙwayoyin, ya huda gefe don hayaƙi ya fita.

Ko wace hanya ka bi, sanyayawa iri ɗaya za ka yi. Ka juye a kwando na ƙarfe ko faifai gaban fanka, kana sheƙewa, ta huce cikin minti huɗu zuwa biyar. In ka bar ta tsibi guda, suya na ci gaba a ciki. Kada ka yayyafa ruwa. Kuma a tsakar gida ake suya, hayaƙinta ba na ɗaki ba ne.

Ga yadda za ka shirya gwajin. Ka fara tsince abin da ya rage na kilo biyun gaba ɗaya, ka fid da tsakuwa, da baƙaƙe, da fasassu, da waɗanda ƙwaro ya huda. Gahawar ƙananan manoma da aka shanya a rana sau da yawa girmanta ba ɗaya ba ne, in ka ga haka ka ware ƙananan ƙwayoyin gefe, don sun fi saurin nuna. Ka gauraya sauran sosai sannan ka kasa. Kowace hanya ka soya sau biyu a rana ɗaya. Wannan maimaicin shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin gwajin, domin in suyar kasko ta farko da ta biyu sun bambanta da juna kamar yadda kasko ya bambanta da inji, to ba ka gano komai ba tukuna sai cewa hannunka bai zauna ba. Ka riƙe agogo ka rubuta abu uku: lokacin da ta yi rawaya, lokacin fashewar farko, lokacin da ka sauke. Masu suya da yawa suna barin tsakanin fashewar farko da saukewa ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan lokacin suyar, wato kamar minti ɗaya a injin gugguru, minti biyu ko fiye kaɗan a kasko ko ganga. Bayan ta huce za ka ga waɗansu ƙwayoyi da suka ƙi yin launi, suna nan fari-fari. Waɗannan 'ya'yan da aka tsinka ba su nuna ba ne, ka cire su daga kowane kashi, laifin girbi ne ba na suya ba. Amma masu tabon ƙuna a kashin kasko ka bar su, domin su ne shaidar da kake nema.

Sabuwar suya cike take da iskar da ke fita a hankali, ranar farko ɗanɗanonta a rufe yake. Ƙa'idar ƙungiyar masu sana'ar gahawa mai suna Specialty Coffee Association, wato SCA, ta ce a ɗanɗana bayan aƙalla awa 8 kuma cikin awa 24 da suya, amma wannan don masu sayen buhuna ne da ke gaggawar yanke ciniki. Kai ka ɗanɗana a kwana na biyu ko na uku, ka sake a kwana na bakwai, kana ajiye kowacce a kwalba mai murfi.

Zaman ɗanɗanon kansa ba ya buƙatar tsada. Kofuna iri ɗaya, cokula masu zurfi, buta, sikeli, agogo. Awon SCA shi ne giram 8.25 na gahawa ga ruwa mililita 150, in kofinka na 200 ne sai ka sa giram 11. Su kofi biyar suke jerawa ga kowane samfuri, kai uku sun isa. Kowane kofi ka auna ƙwayarsa daban ka niƙa daban, niƙa tsaka-tsaki, ba gari luƙui ba, ba tsaki ba, kuma kafin ka shiga sabon samfuri ka niƙa 'yan ƙwayoyinsa ka zubar don su share na baya. Ka rubuta alama a gindin kowane kofi, ka fita, ka sa uwargida ko ƙaninka su sassauya musu wuri. Wannan ba wasa ba ne. Wanda ya tsaya minti 12 yana juya kasko hayaƙi na shiga idonsa, in ya san kofin kaskon, harshensa zai goyi bayan wahalarsa ko bai yi niyya ba. Ka zaɓi hantsi, ba ka ci yaji ba, ba goro, ba sigari, ba turare a jiki ko a ɗaki.

Ka fara shinshina garin a bushe ka rubuta abin da ka ji. Sannan ka zuba ruwa mai zafin digiri 93 har bakin kofi. A Jos, saboda tudu, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96, saboda haka in ka sauke buta ɗan jinkiri kaɗan ya isa. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa yana kashe tsami, ka yi amfani da ruwan gora maras ɗanɗano, iri ɗaya ga kowane kofi. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Kada ka taɓa sai minti huɗu sun cika. Sai ka sunkuya hancinka dab da kofin, ka tura ɓawon baya da bayan cokali sau uku. Ƙamshin da ke ɓallowa a wannan daƙiƙar shi ne mafi ƙarfi da za ka ji a duk zaman, kuma a nan ƙauri ke fara tona kansa. Ka kwashe kumfar da cokali biyu, ka jira har minti takwas zuwa goma daga zuba ruwa. Sai ka ɗebo a cokali ka zuƙa da ƙarfi har da ƙara, ruwan ya fantsama ko'ina a baki ƙamshin ya haura hanci, ka juya shi kaɗan ka furzar a wani kofi. Ka ɗauraye cokali tsakanin kofi da kofi. Ka zagaya sau uku, da zafi, da ɗumi, da bayan ta kusa hucewa. Zagayen ƙarshe ya fi muhimmanci a wurina, domin zafi na rufa wa gahawa asiri. Mai kyau tana ƙara zaƙi in ta huce, mai aibu kuwa a lokacin ɗacinta ko gafinta ke fitowa sarai. Kai da abokinka kada wanda ya yi magana ko ya yamutsa fuska sai kowa ya ajiye biro.

Batun maki kuma, takardar SCA da aka fi sani, ta 2004, tana da abu goma, kowanne maki goma, jimla 100, kuma gahawar da ta kai 80 ita ake kira ta musamman. Bakwai daga ciki, irin su ƙamshi, ɗanɗano, tsami da nauyi a baki, ana ba su maki daga 6 zuwa 10, ana hawa da rubu'in maki. Sauran ukun, wato zaƙi, tsaftar kofi da daidaituwar kofuna, kowane kofi cikin biyar ɗin yana cin maki biyu in ba shi da matsala. Ka lissafa ka gani: gahawa maras aibu ta riga ta kwashi 30, in ta sami 7 a sauran bakwai ta tashi da 79, in ta sami 7.5 ta tashi da 82.5. Ka ga ashe filin ƙunci gare shi, kuma ko ƙwararrun da suka ci jarrabawar ɗanɗano sukan saɓa da maki ɗaya a kofi guda. Bayan haka, an gina takardar ne don auna darajar ɗanyar gahawa, a riƙe suya iri ɗaya a canza gahawa. Kai akasin haka kake yi. Zaƙi, wanda a nan hanyoyin suya suka fi rabuwa, takardar ba ta tambayar yawansa, akwai ko babu kawai take tambaya. Ita kanta SCA daga 2023 ta fito da sabon tsari wanda ya raba tambaya biyu da tsohuwar takardar ta cakuɗa: yaya ƙarfin abin yake, da kuma yaya daɗinsa a wurin mai ɗanɗano.

Wannan rabuwar nake so ka ara. Ka ja layi a takarda ka rubuta abu biyar: ƙamshi, zaƙi, tsami, nauyi a baki, da abin da ke saura a baki bayan ka furzar. Kowanne ka ba shi lamba biyu daga 1 zuwa 9, ɗaya ta ƙarfi ɗaya ta daɗi. Amfanin haka shi ne ku biyun za ku iya yarda cewa kofin nan tsaminsa 7 ne a ƙarfi, kai ka ba shi 4 a daɗi abokinka ya ba shi 8. Lambar farko magana ce a kan suyar, ta biyu magana ce a kan bakin kowannenku, ba kuma abin gardama ba ce. A ƙasa ka ware wurin aibun suya guda uku, ka rage maki biyu ga wanda ya fito kaɗan, huɗu ga wanda ya mamaye kofin. Ƙauri shi ne ɗanɗanon toka da hayaƙi mai maƙalewa a maƙogwaro. Gafi shi ne na ɗanyen wake ko ciyawa, sau da yawa tare da bauri mai busar da harshe. Lami kuwa kofi ne da ba za ka ce ga laifinsa ba, amma ba abin da ya tsaya maka a rai, sai ɗan ɗanɗanon busasshen burodi ko kwali.

In jimlar hanyoyi biyu ta zo kusa da juna, kada ka yi saurin naɗa sarki. Akwai gwajin kofi uku da ke raba gardama. A jera maka kofi uku, biyu daga suya ɗaya, na ukun daga ɗayar, ba ka san wanne ba ne, aikinka kawai ka nuna bare. Mai cinta ma zai dace sau ɗaya cikin uku, saboda haka dacewa ɗaya ba hujja ba ce. In an jera maka sau shida sai ka ci biyar, in sau goma sha biyu ne sai ka ci takwas, kafin a ce da gaske harshenka na jin bambanci. In ba ka kai ba, to a wurinka hanyoyin biyu ɗaya suke, sai ka zaɓi mai sauƙi da araha.

Ka tambaye ni wace ta fi, ba zan kauce ba. In an daidaita zurfin suya a matsakaici, aka sha ba sukari ba madara, ganga nake sa wa a gaba, don ita ke haɗa zaƙi da nauyi a baki ba tare da ƙauri ba. Injin iska na bin ta a kusa, yakan ma wuce ta a ƙamshi da tsaftar kofi in gahawar mai ƙamshin fure ce irin ta Yirgacheffe a Habasha, sai dai ya gaza a nauyi. Kasko na uku, yana da nauyi da garɗi, yana asarar maki a ƙauri, kuma suyarsa biyu ba safai suke zuwa ɗaya ba. Oben na ƙarshe. Amma wannan jerin na kofin gwaji ne. A Habasha da Iritiriya da Sudan a ƙaramin kasko ake suya tun kaka da kakanni, a kai ta duhu, a daka a turmi, a dafa a tulun jabana, a Sudan har da citta da sukari, kamar yadda 'yan'uwanmu Hausawan can suka saba. A irin wannan shan ɗan hayaƙin kasko na cikin abin da ake so, tsamin injin iska kuwa faɗa zai yi da citta. Saboda haka bayan ka gama da cokali da takarda, ka dafa biyun da suka fi maki yadda ka saba sha kullum, a sake ɓoye maka su, ka ga wadda hannunka ke komawa gare ta.

Kilo biyunka sun isa. Hanya uku sau bibbiyu a giram ɗari-ɗari giram 600 ke nan, ka ware wasu 400 na koyon hannu kafin ranar gwaji, sai abin da ya saura. Shi ka ɗaure a jakar yadi mai tsabta ko roba mai murfi, nesa da daddawa da yaji da kananzir, don ɗanyar gahawa na jan wari, da damina kuma ka ɗaga ta daga ƙasa. Batun sayen inji, ka dakata sai ka ga sakamakon kwana na bakwai. In na iska ya ci, ka nemi mai maɓallin rage zafi da fanka don ka iya jan suyar ta kai minti takwas ko tara, hakan zai kawar da gafin. In kasko ya ci saboda nauyi da garɗi, ganga ce za ta ba ka su ba tare da tabon ƙuna ba, kuma ta mai walda a kan gas ɗinka ta isa farawa, ka dai sa ya bar ƙaramar kafa a gefe da za ka riƙa zura cokali kana ɗebo ƙwaya ka duba launi.